Tirolibas ɗin Mosko: tambayoyi da amsoshi kan motar da ta yi kusan shekara 87 tana bin waya

Wanda ya je karatu ko kasuwanci Rasha, a garuruwa irin su Kazan, Rostov ko St. Petersburg, zai ga wata mota mai kamar bas da dogayen sanduna biyu a kanta, tana tafe tana goga su a jikin wayoyin da aka shimfiɗa saman titi. Idan ya isa Mosko sai ya neme ta ya rasa, alhali birnin ne ya fi kowane birni a duniya yawanta har zuwa 'yan shekarun baya. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa a kanta.

Mece ce tirolibas?

Motar haya ce ta cikin gari mai tayoyin roba da sitiyari, direba na tuƙa ta a kan kwalta kamar kowace bas. Bambancin yana ciki da kuma sama. Ba ta da injin mai, ba ta da tanki, ba ta da salansa. Injin lantarki ne ke juya tayoyinta, wutar kuma tana sauko mata ne daga wayoyi biyu da ke rataye saman titi, ta cikin sanduna biyu da aka kafa a rufinta. Saboda waɗannan sanduna ne mutanen Mosko ke yi mata laƙabi da mai ƙaho, kuma da ƙaho za mu riƙa kiran su a nan.

Ba ita ce tiram ba? Ko bas mai batir?

A'a, uku ne daban. Tiram tarago ne mai ƙafafun ƙarfe da ke bin dogo a tsakiyar titi, ba ya kaucewa ko da taku ɗaya. Bas mai batir tana ɗauke da wutarta a jikinta, ta yi caji a tasha ta tafi duk inda aka ga dama har batirin ya yi ƙasa. Tirolibas tana tsakaninsu: tana iya kauce wa rami ko motar da ta tsaya, ta raɓa bakin titi ta ɗauki fasinja, amma ba ta nisa da wayarta. Ƙahonta ya kai tsawon mita 6, wanda ke ba ta damar gocewa kimanin mita 4 dama ko hagu.

Me ya sa wayoyinta biyu, na tiram kuma ɗaya?

Wutar lantarki ba ta aiki sai ta samu hanyar komawa inda ta fito. Ta tiram tana saukowa ta waya ɗaya, ta bi ta injin, ta fita ta ƙafafun ƙarfe, ta koma ta dogo. Tirolibas kuwa a kan roba take, roba ba ta barin wuta ta wuce, don haka dole a ba ta waya ta biyu ta komawa. Ƙaho ɗaya na karɓa, ɗaya na mayarwa.

Wannan waya ta biyu ita ce tushen yawancin wahalar sana'ar. Duk inda hanya ta rabu, ko layi ya gicciye layi, sai an san yadda za a yi wayoyin su wuce juna ba tare da sun haɗu ba. Shi ya sa saman manyan mararrabun tsohuwar Mosko ya cika da ƙarafa da wayoyi. Bayanin yadda mota ke ratsa su yana cikin amsar da ta shafi mararraba.

Daga ina wutar take zuwa?

Daga babban layin wutar gari, amma ba kai tsaye ba. Akwai ƙananan tashoshin wuta a unguwanni, gine-gine marasa ado da ba kowa ke lura da su ba, inda ake rage ƙarfin wutar a kuma juya ta daga mai kai-da-komo irin ta gida zuwa mai tafiya gefe ɗaya irin ta batir, a kan volt 600 ko ƙasa kaɗan. Daga nan kebul ke kai ta ga wayoyin titi. An yanka wayoyin sashe-sashe, kowane da inda ake ba shi wuta, domin matsalar wuri ɗaya kada ta kashe gari duka. A Mosko tashoshin nan sun riƙa ciyar da tiram da tirolibas tare, kamfanin sufurin birnin, Mosgortrans, shi ke tafiyar da motocin a lokacin.

A kan kowane ƙaho akwai ɗan takalmi mai kwarmi da ke rungumar waya, a cikinsa da ɗan gutsuren gawayi na musamman. Gawayin ake so ya cinye, ba tagullar waya ba. Direba na yawo da wasu a ajiye, idan ya ga ya suɗe sai ya sauke ƙahon a ƙarshen hanya ya canza shi.

Rashawa ne suka ƙirƙiro ta?

Ba su ba ne. A 1882 Werner von Siemens ya gwada wani keke mai jan wuta daga waya a Halensee, wajen birnin Berlin, na 'yan makonni. A 1911 biranen Leeds da Bradford na Ingila suka fara ɗaukar fasinja da ita, Shanghai ta bi a 1914 kuma har yau ba ta daina ba. Tarayyar Sobiyet ta shigo a makare. Abin da ta yi shi ne ta riƙe ta gam a lokacin da Turawan Yamma ke zubar da tasu: Landan ta rufe a 1962, Bradford a 1972, daidai shekarun da Mosko ke ƙara shimfiɗa waya zuwa sababbin unguwanni.

Yaushe ta fara aiki a Mosko?

Ranar 15 ga Nuwamba, 1933. Hanyar farko ta tashi daga Tverskaya Zastava, gaban tashar jirgin ƙasa ta Belorusskiy, zuwa ƙauyen Vsekhsvyatskoye, inda unguwar Sokol take a yau. Tsawonta kilomita 7 da rabi, motoci biyu kacal. An sa musu suna LK, haruffan farko na sunan Lazar Kaganovich, wanda shi ne shugaban jam'iyyar kwaminis na Mosko a lokacin. Jikinsu na katako ne aka lulluɓe da ƙarfe, kayan wutarsu kuma daga masana'antar Dinamo. Jirgin ƙarƙashin ƙasa bai buɗe ba sai 1935, wato tirolibas ta girme shi.

A shekara ta gaba aka miƙa hanyar ta bi titin Gorki, wanda yanzu ake kira Tverskaya, har cikin tsakiyar birni, aka kuma buɗe ta biyu ta Arbat. Sauran biranen suka bi sahu: Kiyev a 1935, Leningrad (St. Petersburg ta yau) da Rostov a 1936.

Me ya sa gwamnatin Sobiyet ta ɗauke ta da muhimmanci haka?

Dalilai sun taru. A shekarun 1930 Stalin, jagoran Tarayyar Sobiyet, na sake fasalin Mosko, ana faɗaɗa tituna, ana rushe gidaje, kuma masu tsara birnin na ganin tiram da dogonsa da ƙararsa bai dace da manyan titunan da suke so a nuna wa duniya ba. Aka riƙa cire dogo daga tsakiya ana rataya waya biyu. Haka titin da ya zagaye tsakiyar birnin, Sadovoye Koltso, ya samu shahararriyar hanyarsa mai harafin B, wadda ta gāji sunan daga tiram ɗin da ta maye gurbinsa.

Na biyu, tattalin arzikin ƙasar ya ginu ne kan wutar lantarki, kuma gwamnati ɗaya ce ke da tashar wuta, masana'antar mota, titi da kamfanin sufuri. Kuɗin kafa turaku da waya yana da yawa a farko, amma inda ba a neman riba cikin shekara biyar wannan ba ya hana aiki. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara tabbatar da ita: an kwashe yawancin bas-bas an kai fagen daga, mai ya yi wuya, tirolibas da tiram suka ci gaba da ɗaukar ma'aikata. Har wasu aka mayar na kaya, suna jigilar itace da abinci. Irin waɗannan na kaya sun daɗe bayan yaƙin suna kai kaya shaguna da masana'antu.

Da gaske an taɓa yin mai bene?

An yi. A 1937 aka sayo ɗaya daga Ingila, masana'antar Yaroslavl ta kwaikwaye ta ta ƙera guda 10 da sunan YaTB-3. Sai da aka ɗaga wayoyin hanyarsu sama don su samu wucewa, abin da ya wahalar da ƙananan motocin da ke bin wayar ɗaya. Rufin kowane bene gajere ne, ga fasinjan Mosko da ya saba tsayuwa a cunkushe cikin manyan rigunan sanyi, ga tsoron kifewa a kan ƙanƙara. Zuwa farkon shekarun 1950 an ajiye su, ba a sake ba.

Waɗanne motoci ne suka fi yin suna?

Bayan yaƙi, a 1946, wata masana'antar jiragen sama da ke Tushino ta fito da MTB-82, mai jikin ƙarfe zalla da goshi mai lanƙwasa. Ita ce ake gani a tsofaffin hotunan Mosko na shekarun 1950, galibi shuɗiya. Daga baya aikin ya koma garin Engels a bakin kogin Volga, masana'antar Uritskiy, wadda ta fitar da ZiU-5 a 1959, sannan ZiU-9 a farkon shekarun 1970.

ZiU-9 ita ce ƙashin bayan sana'ar. Mai ƙofa uku ce, mai kusurwa kamar akwati, ba ta da kyau ko kaɗan, an kuma ƙera fiye da 40,000, adadin da babu wata tirolibas a duniya da ta kai. An sayar da ita har Girka, Hungary, Ajantina da Kolambiya. Ɗan Afirkan da ya yi karatu a Mosko a ƙarshen zamanin Sobiyet, a Jami'ar Patrice Lumumba ko wata, galibi ita ya hau. Wanda ya zauna kusa da direba zai ji ƙas-ƙas-ƙas na makunnai suna buɗewa suna rufewa yayin da motar ke ɗaukar gudu, domin a tsohon tsari ana rage wuta ne ta hanyar ƙona rarar ta zama zafi. Motocin baya-bayan nan sun koma amfani da na'urorin lantarki na zamani, suna cin wuta kaɗan, suna kuma mayar da wuta cikin waya idan an taka birki. Mosko na da tata masana'antar, SVARZ, wadda ta ƙera wasu masu gilashi har rufi don zagaya baƙi a filin baje kolin ƙasa.

Yaya girman tsarin ya kai?

Tun wajen shekarun 1970 babu kamarsa a duniya. A ganiyarsa hanyoyi sun kusa 100, motoci sun haura 1,500, tsawon layukan waya ya wuce kilomita 1,000. Ya shiga kusan kowane babban titi da ya fito daga tsakiya zuwa gefen gari. Aikinsa shi ne cike giɓin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda tashoshinsa ke da nisa da juna: mutum ya fito daga rami, ya hau mai ƙaho tasha uku ko huɗu zuwa ƙofar gidansa.

Idan hanya ta rabu biyu, yaya ƙahon ke sanin inda za a bi?

Wannan ce tambayar da aka fi yi, amsarta kuma tana ƙafar direba. Kafin mararraba akwai wata na'ura a jikin wayoyin mai harsuna biyu na ƙarfe, ɗaya ga kowane ƙaho. A tsohon tsarin Sobiyet harsunan na kwance ne a saitin dama. Direban da zai bi dama sai ya ɗaga ƙafa daga totur, motar ta gangara da saurin da ta riga ta ɗauka, ƙahon ya wuce ba abin da ya motsa. Wanda zai bi hagu kuwa sai ya shiga wurin yana taka totur. Wutar da injin ke ja ita ke bi ta wani maganaɗisu, ya fizgo harsunan zuwa hagu, bayan wucewarsa su koma yadda suke.

Dabara ce mai sauƙi, ba ta buƙatar kowa a ƙasa, amma tana da sharaɗi. Dole a rage gudu ƙwarai, kamar na mai keke. A lokacin sanyi, idan na'urorin ɗumama mota na jan wuta da yawa, na'urar na iya ɗauka cewa direba hagu yake so, don haka wani lokaci sai ya kashe su na ɗan lokaci. Ga kuma wuraren da babu wuta sam, inda sashe ya haɗu da sashe ko wayar tiram ta gicciye: nan ma gangarawa ake yi, kuma wanda cunkoso ya tsayar da shi daidai wurin ya maƙale. Ƙasashe irin su Suwizalan sun daɗe da canza waɗannan na'urori da masu karɓar umarni ta rediyo, mota ta wuce da gudunta. Mosko ba ta yi wannan gyara da yawa ba, kuma za a ga tasirin haka a amsar da ke kan hujjojin rufewa.

Me ke faruwa idan ƙaho ya zame daga waya?

Za a ji ƙara, a ga tartsatsi shuɗi, ƙararrawa ta kama kuka a gaban direba, motar ta mutu. Direba ya ja birkin hannu, ya sa riga mai ɗaukar ido da safar hannu ta roba, ya zagaya baya. Kowane ƙaho na da igiya. Sai ya kama ta ya rinjayo shi ƙasa da nauyin jikinsa, domin ƙarfen da ke tura shi sama yana da ƙarfi, ya saita shi ƙarƙashin waya yana ɗaga kai, ya sake shi a hankali har takalmin ya zauna. Gwani na gamawa cikin minti ɗaya. A watan Janairu, cikin duhu da dusar ƙanƙara, motoci na yi masa ham ta baya, aikin ba wasa ba ne, kuma da yawan direbobin mata ne.

Abin da ake tsoro shi ne ƙahon da ya zame ya yi sama ya tsinka wayoyin da ke riƙe da layin. Sababbin motoci suna da na'urar da ke fizgo shi ƙasa da kanta da zarar ya kuɓuce. Lasisin tuƙin tirolibas a Rasha aji ne na kansa, kuma sai an koyi aikin wuta kafin a samu.

Tana iya wuce 'yar'uwarta? Idan wuta ta ɗauke fa?

Ba ta iya wuce wadda ke gabanta a waya ɗaya. Idan ta gaba ta lalace, direbanta zai sauke ƙahonninsa ya maƙale su a ƙugiyar rufi, na baya su raɓa su wuce. Idan waya ce ta tsinke ko wuta ta ɗauke a sashen, duk tsofaffin motocin da ke ciki sun tsaya a jere har motar gyara mai hasumiya ta zo. Hatsarin ƙananan motoci biyu da ya toshe titi ma ya isa ya tara su. Wannan rauni na gaske ne, ba ƙage ba. Maganinsa shi ne ɗan batir a jikin mota da zai kai ta gaba kaɗan ba waya, kuma yawancin motocin zamani suna da shi.

Ba ta jan mutane da wuta? Yaya take yi da sanyin Rasha?

An killace kayan wutarta daga jikin motar, matakalar shiga da sandunan riƙewa na bakin ƙofa ma an rufe su da abin da wuta ba ta bi. Kafin mota ta fita gareji ana auna ko wuta na zuba a jikinta, wadda ta wuce ƙa'ida ba ta fita. Haɗarin yakan taso ne a tsohuwar mota lokacin da ƙanƙara ke narkewa, ruwan gishirin da ake zubawa a titi ya jiƙa ƙarƙashinta, sai mai hawa da ƙafa ɗaya a ƙasa ya ji ɗan ja.

Sanyi kansa bai dame ta ba, ta ma fi bas mai dizal tashi da asuba, ɗumama ciki kuma daga waya yake zuwa ba iyaka. Maƙiyinta shi ne ruwan sama mai daskarewa a jikin waya. Ranar da aka yi shi, ƙaho na tafe yana feshin wuta, gawayi na ƙonewa, har sai an kankare wayar.

Nawa ake biya?

Daga 1961, shekaru da dama, farashin bai motsa ba: tiram kobek 3 (kobek shi ne kwabon Sobiyet), tirolibas 4, bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa 5. An cire kwandasta, aka sa akwati mai murfin gilashi. Fasinja ya jefa kuɗinsa kowa na gani, ya murɗa ya yanki tikiti da kansa, na nesa kuma su miƙo nasu hannu zuwa hannu. Daga baya aka koma tikitin da ake hudawa. A shekarun 2000 aka kafa shingen ƙarfe mai juyawa a ƙofar gaba, kowa sai ta nan zai shiga, abin da ya ƙara wa motar jinkiri a kowace tasha kafin a cire shi. Katin biyan kuɗin mota na Troika ya zo a 2013, shi ne har yau ake amfani da shi a duk sufurin birnin.

Me ya haɗa tirolibas da juyin mulkin 1991?

A watan Agustan 1991 masu ra'ayin riƙau suka yi yunƙurin kifar da shugaban Tarayyar Sobiyet Gorbachev, tankoki suka shigo Mosko. Jama'ar da suka fito kare majalisar Rasha, inda shugaban Rasha Yeltsin yake, sun tare tituna da abin da ya fi kusa kuma ya fi girma, wato tirolibas. A daren 20 zuwa 21 ga wata, motocin yaƙi suka yi karo da irin wannan shinge a wata hanyar ƙarƙashin gada a Sadovoye Koltso. Samari uku suka mutu: Dmitriy Komar, Vladimir Usov da Ilya Krichevskiy. Hotunan motocin da aka murƙushe aka ƙona a wurin na cikin waɗanda aka fi tunawa da su daga kwanakin.

To yaya aka yi tsari mafi girma a duniya ya ɓace?

Ba a rana ɗaya ba. Sergey Sobyanin ya zama magajin gari a 2010. Bayan wasu shekaru aka fara babban aikin gyaran titunan tsakiya, ana faɗaɗa hanyar masu ƙafa, ana binne wayoyi a ƙasa don sama ta washe. A 2016 aka sauke wayoyin Tverskaya da wasu manyan tituna, hanyar B ta koma bas. Sau da yawa akan ce na ɗan lokaci ne saboda aiki, aikin ya ƙare waya ba ta dawo ba. Aka daina sayen sababbin motoci, ana rufe gareji ɗaya bayan ɗaya.

A Satumban 2018 bas mai batir ta farko ta fara aiki, a hanya mai lamba 73, wadda ta tirolibas ce. Daga nan abin ya yi sauri. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka wayi gari hanyoyin ƙarshe sun koma bas. Ba a yi bikin sallama ba, yawancin mutane a labarai suka ji.

Wace hujja hukuma ta bayar, kuma me masu adawa suka ce?

Hukumar sufurin birnin, ƙarƙashin Maksim Liksutov, ta ce tirolibas na da jinkiri, tana tsayawa da zarar an samu matsala a titi, wayoyi da tashoshin wutarta sun tsufa, gyaransu zai ci maƙudan kuɗi, wayoyin kuma sun ɓata fuskar birni. Ta ce bas mai batir na ba da tsabtar iska iri ɗaya ba tare da waya ba. Motocin, na kamfanonin KAMAZ da GAZ, suna caji cikin mintuna a ƙarshen hanya, kuma cikin 'yan shekaru sun haura 1,000.

Masu adawa, cikinsu har da ɗan siyasa Maksim Katz da marubucin intanet Ilya Varlamov da suka jagoranci gangami, sun kawo nasu. A lokacin da aka rufe, hanyoyi da yawa ba batir suka koma ba, dizal suka koma. Bas-bas masu batir na farko ma da dizal ake ɗumama cikinsu a hunturu, wato mota mai sunan tsabta tana hayaƙi wata biyar a shekara. Tana da tsada, tana ɓata lokaci a caji don haka ana buƙatar motoci fiye da da a hanya ɗaya, batir kuma yana da wa'adi. An kuma yar da motocin da ba su tsufa ba.

A ganin mai wannan rubutu, kowane ɓangare na da gaskiya, amma ba daidai wa daida ba. Jinkirin da hukuma ta yi kuka da shi gaskiya ne, sai dai ba daga motar yake ba. Daga na'urorin mararraba na zamanin Stalin yake, da cunkoson da babu layin bas na musamman, da shingen ƙofar gaba, duk abubuwan da birni mai kuɗin Mosko zai iya gyarawa da ƙasa da abin da ya kashe. Turaku da tashoshin wuta da aka tara cikin shekara 80 su ne suka fi komai tsada a tsarin, su ne kuma aka riga aka biya.

Ashe ba tsohon yayi ba ne? Wasu biranen ba su rabu da ita ba?

Wasu sun rabu, a Rasha ma: Astrakhan, Lipetsk, Perm, Tver, Belgorod. Wasu kuma sun bi akasin haka. St. Petersburg tun 2017 take amfani da tirolibas mai babban batir, wadda ke caji tana tafiya a ƙarƙashin waya, inda waya ta ƙare ta sauke ƙaho ta ci gaba kilomitoci zuwa sababbin unguwanni. Ba tsayuwar caji, batirin kuma bai kai na bas mai batir girma ba. Zurich na da masu gaɓa uku da suka kusa mita 25. San Francisco ta riƙe tata saboda tuddai, inda injin lantarki ya fi dizal ƙarfin hawa. Birnin Meziko ya sayo sababbi daga Sin. Prag da ta rufe a 1972 ta dawo da ita, har zuwa filin jirgin sama. A Afirka, Alƙahira da Johannesburg sun taɓa yi suka daina a shekarun 1980.

Ina motocin suka tafi?

Tsofaffin an yanka. Masu sauran ƙarfi an raba wa wasu biranen Rasha, irin su Saratov, Rostov da Nizhniy Novgorod, inda aka riƙa ganinsu da shuɗin fentin Mosko. Kaɗan suna hannun gidan tarihin sufurin birnin. Direbobi da yawa an sake horar da su suka koma bas ko tiram, wasu garejin kuma aka mayar na bas mai batir.

Idan na je yanzu, ina zan iya hawa?

A Satumban 2020 hukuma ta buɗe gajeriyar hanyar tunawa mai harafin T, daga dandalin Komsomolskaya mai tashoshin jirgin ƙasa uku, amma ba ta ɗore ba. Wanda ke son ganin ta tana aikin gaske ba sai ya yi nisa ba: garuruwan Khimki, Vidnoye da Podolsk da ke kewayen Mosko suna da nasu, na Khimki ma suna shigowa gefen birnin ta arewa maso yamma. Mafi girma a Rasha yanzu na St. Petersburg ne, tafiyar awa 4 daga Mosko a jirgin ƙasa na Sapsan, kuma motocin na bin babban titin Nevskiy. Minsk ta Belarus ma na cikin na gaba a duniya.

Hanya mafi tsawo tana yankin Kirimiya, wanda Rasha ta ƙwace daga Yukren a 2014 kuma yaƙi ya sa ba wurin yawon buɗe ido ba ne a yanzu. An buɗe ta daga Simferopol zuwa Alushta a 1959, aka kai ta Yalta a 1961. Kilomita 86 ce, tana hawa dutse har mita 752 kafin ta gangara bakin teku.